Bakin Kaka Ladi da Ƴan Dakon Katako

Banifandou, Yamai, ranar Litinin

Zuwa ga maigidana Mutari, malamin jami'a,

Gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kana lafiya, kai da takardunka. Ni ce kakarka Ladi, matarka ta fari, wadda ka bari ba cefane ba sallama. Na kira wayarka har yatsana ya gaji, ba ka ɗauka ba. Shi ya sa na tono ɗan bokon da na koya a makarantar lakwal, na ba Abdulaye mai taksi ya haye gada ya kai maka.

An yi sunan ɗiyar ƴar'uwarka Nafissa, ba ka zo ba. Aka ce kana kasuwar Katako wajen ƴan dako, kana tambayarsu ciwon baya. To, tunda ba ka zo ba, ni na zama kai. Na sa tsohon tabaranka da ka manta a ɗakina, na ɗauki ludayi ina miƙa wa mata a baki kamar rikodarka: "Malam, yaya ake biyanka? Wuya na ciwo? Faɗa mini kaf, yanzun nan in kai wa Alhaji mai katako ya saya mini mota!" Da ka ga dariya! Hawa maƙwabciyarmu har kunu ta zubar a zane.

Ka zo ka biko ni, in ba haka ba in auri Abdulaye. Allah ya yi maka albarka.

Kakarka Ladi

*

Jami'a, ranar Laraba

Zuwa ga Kaka,

Bayan gaisuwa da girmamawa, ina fatan ƙafar ta yi sauƙi.

Na ga wasan da kika yi, Kaka, kafin takardarki ta zo. Wata ta ɗauke ki a waya, ta yanke dariyar, ta bar maganar. Yanzu babu ɗan dakon da bai gani ba. Ba su san ke ce mai wasa da jikanki ba. Tsohuwa suka gani daga gidanmu, tana cewa ni ɗan rahoton masu katako ne.

Shekaru na yi ina zama da mutanen nan a kan tulin katako kafin su yarda su faɗa mini abin da ba su faɗa wa matansu: wa ke fitsarin jini, wa aka kora don ya yi magana. Da wannan binciken ne sandikarsu, wato ƙungiyarsu, za ta zauna da masu katako a kan lada da kuɗin magani. Jiya Malam Halidu, sakataren sandika, ya tare ni a bakin rumfa. Bai zage ni ba. Ya ce, "Malam, mutanena sun ce a ba su muryoyinsu." Ya hana ni shiga.

Ban ɗauki wayarki ba ne don kada in faɗi abin da bai kamaci jika ba.

Na barki lafiya.

Mutari

*

Banifandou, ranar Alhamis

Mutari,

Sallama. Na karanta, na sake karantawa, na ba Nafissa ta karanta mini ko idona ne ya yi ƙarya. Ba ƙarya.

Na so in fara da cewa ashe matarka ta yi suna a Yamai, amma alƙalamin ya ƙi tafiya. Tun kana rarrafe nake ce maka ɓarawon nama, nake ce maka rago, kai kuma kana ce mini tsohuwa mai kunnen kwano. Ban taɓa tunanin akwai wanda zai ɗauki maganata a kanka ya auna ta ba. Kakanka, Allah ya jiƙansa, da kansa ya yi dako a tashar Maraɗi kafin ya samu rumfa. Ni nake gasa masa wuya da ruwan zafi. Ni ce kuma na riƙe ludayi ina tambayar ciwon wuya mata suna dariya.

Ko sallar Juma'a ba na son fita, gani nake kowa waya yake nuna mini.

Kada ka ce komai. Gobe zan sa Abdulaye ya kai ni.

Kakarka

*

Banifandou, ranar Asabar

Jikana Mutari,

Ina gaishe ka. Na je.

A cikin taksi na shirya labari mai daɗi, da gabatarwa da wurin dariya, yadda na saba. Da muka isa, ana sauke tirela. Wani ya hango ni ya ce, "Kai, ga mai ludayi!" Aikin ya tsaya. Suka taso da gammo a hannu, garin katako ya yi musu fari a gashi, har samarin sun zama tsofaffi.

Malam Halidu ya sa aka kawo mini benci. Ya ce, "Hajiya, muna jinki."

Mutari, ni da ba a taɓa rufe mini baki a gidan biki ba, labarin da na shirya duk ya gudu. Sai wani dogo, Mu'azu suke ce masa, ya ce, "Iya, ni na faɗa wa jikanki sunan Alhajin da ya mare ni. Tun ranar da na ga hotonki ba na iya haɗa ido da Alhajin. Wasa ne, ko in nemi wani aiki?"

Na ce wasa ne. Ya ce, "To ina abin dariyar?"

Ban san lokacin da na sauka daga bencin ba. Na durƙusa a ƙasa, da ƙafar nan tawa, na ce ku yafe mini, yaron nan bai taɓa fitar da maganarku ko a gida ba, ni na ƙaga. Sai wurin ya rikice. "Subhanallahi! Tashi, Iya!" "Kai Mu'azu, ka sa uwa ta durƙusa!" Suka ɗaga ni kamar falankin katako, wani na kakkaɓe mini zane, wani ya ruga sayen ruwan sanyi. Mu'azu ya juya baya yana share ido. Har taksi suka raka ni.

Ina jin na gyara. Na gyara ko? Ka faɗa mini gaskiya, kada ka duba furfura.

Allah ya tsare.

Ladi

*

Jami'a, ranar Talata

Kaka,

Ina gaisuwa, ina kuma roƙon ki huta da ƙafar.

Malam Halidu ya kira ni, na koma jiya. Sun ba ni benci, sun saya mini shayi. Na tambayi Mu'azu yaya bayan, ya ce lafiya lau. Na tambayi lada, ya ce an gode Allah. Duk wanda na tambaya haka ya ce, cikin ladabi. Saboda gwiwarki suka buɗe mini rumfa, amma bakinsu yana wurinsu.

Na bar rikoda a gida. Gobe akwai tirela, na ce wa Halidu a samo mini gammo.

Jikanki,
Mutari