Obed Yana Gidana

Tsibirin Gizo, ranar Talata

Zuwa ga yayana Alpheus,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangiji, da fatan kana lafiya, aikin gonar ayaba a can ƙetaren teku, a Kwinsland, bai karya maka baya ba. Allah ya ƙara maka ƙarfi. Mama tana lafiya, ciwon ƙafar nan nata na kullum ne dai. 'Yarka Keturah tana asibiti, tana cin abinci, likita kuma ya tabbatar ba za a yanke mata ƙafar da ta ji rauni ba. Na fara da wannan don ka karanta sauran a zaune.

Na ji saƙon da ka aiko wa 'ya'yanka maza a kan Obed. Jiya sun tare shi a bakin kasuwa, suka fasa masa baki da filafilin tuƙi, suka farfasa kwalekwalensa da gatari. Silas, babbansu, yana ihu wai Baba ya ce hannun da ya riƙe wuƙar nan sai an karya shi. Ni ina cikin ruwan ranar da Keturah ta ji raunin, ku ba kwa ciki, don haka ka ji daga bakina.

Ka san Obed tun yana yaro da mashi yake kamun kifi, bana ne ya shigo ajina na nutso da tukunyar iska. Ranar Alhamis na kai shi da Keturah jirgin ruwan Japan ɗin nan da ya nutse lokacin yaƙin duniya. A kwalekwale ma Keturah tsokanarsa take yi, wai tsohon masunci ya koma ɗan aji ɗaya, shi kuma yana ce mata 'yar boko, kifi bai san takarda ba. Muka sauka, muka shiga ɗakin kaya ta wata ƙofa ƙarama. A ƙasa, cikin laka, ga kifin nan shimfiɗaɗɗe mai ƙayar dafi a wutsiya, faɗinsa ya fi tabarmar Mama. Obed ya yi abin da kowane masuncinmu yake yi a buɗaɗɗen teku: ya tsikare shi da wuƙa don ya tashi ya ba mu hanya. A fili kifin yana da teku duka da zai gudu. A ɗakin nan ƙofa ɗaya ce, Keturah kuma tana cikinta.

Laka ta turnuƙe, fitila ba ta nuna komai. Na ji kifin ya buge ni a ƙirji kamar an jefo ni da ƙyaure, bututun iska ya fice daga bakina. Da na lalubo shi na mayar, sai na ga Keturah a naɗe, ƙayar ta shige cinyarta ta karye a ciki, tsawonta ya kai tafin hannu. A can ƙasa jini kore yake fitowa, yayana, kamar hayaƙi. Tana ihu cikin bututu, tana neman ta harba sama da gudu, abin da zai fasa mata huhu. Obed ne ya rungume ta ta baya. Ta fizge masa tabarau na nutso, ta kakkarce masa fuska, bai sake ta ba. Ido a rufe ya hau da ita sannu a hankali, ni ina danne da raunin. A kwalekwale ya kai hannu zai zare ƙayar kamar yadda ake yi a ƙauye, na mare shi, ya bari. Ya ce Malama, ƙara wani.

Kuskuren nasa ne, bai musa ba. Amma yaran nan da nake koyarwa duk suna kallo. In sun ga ana karya hannun wanda ya yi kuskure, gobe wanda ya yi nasa zai ɓoye, a ƙarƙashin ruwa kuma ɓoyewa kisa ce. Keturah da kanta ta ce, Gwaggo, ki gaya wa Baba ni aka soka ba shi ba, kuma ban aiki kowa ba.

Obed yana gidana yanzu. Na gaya wa Silas cewa ni na goya shi, shi Silas ɗin, yana jariri, in yana son hannun Obed sai ya fara da nawa. Ya sunkuyar da kai, amma ya ce maganarka yake jira. Ka kira shi kafin Lahadi, don ranar zan kai Obed coci ta tsakiyar kasuwa, ina riƙe da hannun nan.

Mama da Fasto Zinihite suna gaishe ka. Ka gaida Nelson da sauran mutanenmu na gonar.

Ƙanwarka,
Jemima