Kun Cire Uba Kun Sa Akuya

Zuwa ga masu girma shugabannin kamfanin katun na ƙasar Japan,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kuna lafiya, ku da iyali. Sunana Bukar, mai gyaran fanka a Bulabulin, Maiduguri. Na san ba kwa jin Hausa. Ni ma ba na jin naku, mun yi kunnen doki.

Laifin farko nawa ne. 'Yata Yagana, mai shekara goma sha biyar, wadda maganarta da ni ba ta wuce "ina kwana" da "ga abinci" ba, ta kawo mini littafin nan na yarinya mai kiwon gajimare, ta ce don Allah in karanta. Turanci ne, kaurinsa kamar bulo, ni kuwa tun aji biyu na sakandare boko ya sallame ni. Na ce an gama. Sai na zaga wurin masu tura fim a waya, aka zuba mini katun ɗin da kuka yi na littafin, na kalla a shago tsakanin wannan fanka da waccan. Ga ƙorafina.

Na ɗaya, rubutun fassarar nan na ƙasan fim gudu yake kamar mai keke ya hango fasinja. Kafin in haɗa kalma biyu an shiga wani yaƙin.

Na biyu, an ce a littafi yaƙi ɗaya ne tak. A naku ko ruwa ba a sha sai an zare takobi.

Na uku shi ya kashe ni. Na dawo gida ina baza ilimi, Yagana ta tambaye ni yaya na ga baban yarinyar. Na gyara zama na ce ai marainiya ce, Allah sarki, ba ta da kowa sai akuyar nan mai magana. Ta dube ni, ta ɗauki littafinta, ta shige ɗaki. Uwarta ce ta fayyace mini daga baya: a littafi babu akuya. Uba ne, mai ɗinkin tarun kama iska, bai iya karatun sihiri ba, komai sai ya mai da shi wasa, yarinyar kuwa tana alfahari da shi amma ta rasa bakin faɗa masa. Saboda shi aka ba ni littafin. Ku kuka cire shi, kuka sa akuya.

Roƙona, in za ku sake zanawa, ku mayar da bawan Allahn nan wurinsa. In babu hali, ku rubuta a farko, da manyan baƙaƙe kuma a hankali, cewa wanda ya kalla bai karanta ba.

Allah ya ƙara kasuwa, ya ba ku 'ya'ya masu yi muku hira. Ni dai shekaranjiya na tarar da littafin a kan tabarmata, an ɗora ƙamus a kai, na san aikin Yagana ne. Ina shafi na tara, idona har ruwa yake, uban bai fito ba tukuna. Saura ɗari huɗu da wani abu.

Wassalam.

Naku a gajiye,
Bukar mai fanka