Masarar da Muka Zuba wa Saniya

Assalamu alaikum, Yaya Sabi'u.

Ya aiki, ya iyali, ya zaman Legas? Inna na gaishe ka.

Yaya, hankalina a tashe yake. Masarar da ruwa ya taɓa a rumbu, na tsince wadda ta yi fumfuna muka zuba wa saniya, don kada a yi asara. Ranar kasuwa malaman gona suka zo nan Basirka gwajin hatsi da madara, na kai namu. Da mai gwajin ya gama, sai ya ce, "Wa ke shan madarar nan?"

Na ce Habu, ɗanka da aka kawo yaye.

Ya ce gubar fumfunar ta bi jikin saniya ta shiga madara, tana cin hanta a hankali, kuma tafasawa ba ta kashe ta.

Habu yana ta wasansa, amma kullum ina duba idonsa ko ya yi rawaya. Gobe zan kai shi asibiti. Inna ko tuwo ta kasa ci, don da hannunta take ba shi madarar.

Ka sa mu a addu'a. Ka gaida maman Habu, ka lallaɓa kafin ka gaya mata.

Ƙaninka,
Isiya