Cincin Ɗin Sochima

Lahadi, 24 ga Nuwamba

An ba ni! Mama Dinah, shugabar zumuntar mata, ta sanar a coci cewa cincin ɗina na acca da citta za a raba wa yara a bikin Kirsimeti. Ni Zipora, da na fara da tukunya ɗaya a bayan ɗaki! Na dawo gida ina rawa tun daga bakin layin dogo. Mijina Asher ya ce in bi a hankali kar in karya masa ƙafar mata. Ina ruwansa, yau ranata ce.

Talata, 26 ga Nuwamba

Augustina ta zo, maƙwabciyata mai shagon atamfa. Na zaci murna ta zo taya ni, ashe tambayoyi ta kwaso. 'Yarta Sochima jikinta ba ya karɓar gyaɗa ko kaɗan. Tana shekara uku ta lashi tunkuza, leɓe ya kumbura, numfashi ya tsaya mata a wuya, da kyar aka kai asibiti. Yanzu shekararta bakwai, ba ta taɓa cin abin biki ba. Biskit ɗinta take zuwa da shi a jaka, ta zauna gefe.

"Maman Milka, wane mai kana soya da shi?" Man waken soya. "Cokali fa? Tire fa?" Har cokali! Na ce Maman Sochima, ni ba kamfanin Legas ba ce, hannun nan nawa ne yake komai, babu gyaɗa. Raina ya ɗan sosu, gaskiya. Amma da ta ce to bana Sochima za ta ci tare da yara, duk na manta.

Alhamis, 5 ga Disamba

Sitikar ledojin cincin ta iso! Ruwan ɗorawa, da sunana a kai. Na sa an rubuta BABU GYAƊA da manyan baƙaƙe. Na manna ɗaya a ƙofar firiji ina ta kallo kamar hoton aure.

Lahadi, 8 ga Disamba

Sochima ta tare ni bayan coci. "Anti, da gaske zan ci irin na kowa?" Na ce har ki ƙoshi. Ta ruga tana faɗa wa duk wanda ta gani, har da Fada.

Alhamis, 12 ga Disamba

An soya, an ƙulla a leda, gida duk ƙamshin citta. Garin acca ya ɗan gaza, Asher kuma ya tafi gona Madakiya, sai na ɗauki ragowar da kaina zuwa injin Silvanus a kasuwa. Kullum Asher ne mai kai niƙa, ni ban taɓa tsayawa a layin ba.

Wanda ke gabana mai tsire ne. Ya juye ƙuli-ƙuli fal bokiti, na yajinsa. Aka niƙa. Silvanus ya bubbuga bakin injin da tafin hannu, ya miƙo hannu ya karɓi accata.

Na ce tsaya. Kullum haka ake yi? Ya ce, "Madam, inji ɗaya ne ai. Masara, yaji, naka, duka nan yana shiga." Na ce wankewa fa? Ya yi dariya, wai garin ai ba ya son ruwa.

Na ɗauko accata ban niƙa ba.

Juma'a, 13 ga Disamba

Mun yi da Asher. Shi a ganinsa ɗan burbushi ne, kuma tsare yarinya aikin uwarta ne, ba na mai cincin ba. Na ce uwar ta yi nata, ta zo har gida ta tambaya. Ni ce na amsa, ni ce na buga a leda. Uwa za ta bi kowane buhu zuwa inji ne? Ya ce in na fasa maganar nan mutane za su ce kayana ba tsabta. Wannan ya taɓa ni, don ni ma abin da nake tsoro ke nan.

Asabar, 14 ga Disamba

Na faɗa wa Augustina. Ta zauna a kan dilar atamfa, ta kira Allah da yarensu ta ce, "Chineke. Inji." Ita ma bai taɓa zuwa mata a rai ba. Ta ce bari ta sanar da yarinyar cewa bana ma ba za ta ci ba. Na ce kar ki kuskura, ba ni mako guda.

Litinin, 16 ga Disamba

Dabara ta zo! Sabon turmi, sabuwar taɓarya, sabuwar rariya, mai ma ban fasa shi ba sai a gaban Augustina. Ni da ita muka daka acca kamar zamanin kakanninmu, tana haki tana cewa ita 'yar kasuwa ce, ba a haife ta don wannan ba. Dariya har da hawaye. Na yanka shi daidai irin na sauran, girma ɗaya, launi ɗaya, don kar yarinyar ta ga nata daban. Na zuba a roba mai jan murfi, na rubuta sunanta.

Sauran ledojin kuwa na bi su da baƙin maka ina soke BABU GYAƊA. Sitikata mai kyau! Na soke ina cizon yatsa.

Sochima ta ɗanɗana guda a gabanmu. Muka zuba mata ido kamar masu jiran tukunya ta tafasa. Lafiya lau! Ta ce a ɓoye sauran sai ranar biki, a gaban ƙawayenta take so ta ci.

Asabar, 21 ga Disamba

Biki. Ban san ta inda zan fara ba.

Yara sun zo har daga ƙauyuka, sun ninka ledojin. A wurinmu kuwa ba a barin yaro ya koma hannu wofi, don haka ina can wajen ɗauko kujeru Mama Dinah ta sa aka farke ledojin duka aka juye a manyan tire, a raba da hannu. Da na dawo na hangi robar mai jan murfi a ƙarƙashin tebur, babu komai a ciki. An haɗa da ita.

Sochima tana kan layi da farar rigarta, an riga an cika mata hannu. Augustina na can nesa tana ɗaukarta hoto, tana murmushi, don ta san na ce akwai nata. Ban san lokacin da na tsallake benci ba. Na buge hannun yarinyar, cincin ya watse a ƙasa.

Ta dube ni ta ce, "Anti, ke kika ce." Sai kuka.

Mama Dinah ta ce ai duk cincin ne, wa zai bambance? Babu mai bambancewa, ni na yanka su iri ɗaya. Na kai yarinyar famfo na wanke mata hannu da sabulu, tana fizgewa. A gefe ta zauna har aka tashi, ko biskit ɗin jaka ba a zo da shi ba yau.

Lahadi, 22 ga Disamba

An yaba cincin, har mai wani kanti a bakin tasha ya aiko yana so. Sochima ta gan ni ta juya kai.

Laraba, 8 ga Janairu

Augustina za ta Onica saro kaya jibi. Ta shigo da safe, ta tsaya tana murza gefen zani, ta ce ko zan riƙe mata Sochima har ta dawo. Tun da aka haifi yarinyar, in ji ta, ba ta taɓa barinta a hannun kowa ba, har ƙanwarta ta ciki ɗaya.

Na ce to, kamar ba komai ba.

Na kwashe gyaɗar gidan nan kaf na kai wa surukata, na wanke kicin har bayan kabad. Dama ya daɗe yana son wanki. Asher ya ci fate ba gyaɗa yana ta ƙunƙuni, na ce ya saba.

Yarinyar har yanzu ba ta gaishe ni. Na shimfiɗa mata katifa kusa da gadona.