Rijiyar da Ba Ta Cikin Taswira

Zuwa ga ƙanwata Auta,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki da jikoki, kuma ciwon gwiwar nan ya sake ki. Mu nan sai godiya.

Dalilin wannan wasiƙa shi ne filin da ke kusa da gidanmu na gado, inda muke wasan ƙasa. Za a gina azuzuwa a kansa. Ba ni da ja da makaranta, domin unguwar ta cika: shagunan waya sun cinye rumfar maƙera, kwalta ta shafe kwatar da kika taɓa faɗawa ciki. Abin da ya hana ni sukuni shi ne tsohuwar rijiya. A gabana aka rufe ta, ina ɗan shekara tara. Itace aka shimfiɗa aka bi da ƙasa, ba a cike ta ba. Yanzu kuwa ana shirin zaunar da yara sittin a kanta.

Na yi wa injiniyan aikin bayani dalla-dalla. Ya nuna mini taswirarsa, babu rijiya. Na shaida masa cewa shekara talatin da huɗu na yi ina safiyo, na san taswira ba ta ɗaukar abin da ba a gaya mata ba. Don ya rabu da ni, ya ba ni lebura biyu. Daga ƙofar gida zuwa rijiya taku tamanin ne na yaro ɗauke da bokiti, wato mita arba'in. Kullum sai na ƙirga. Na auna, suka haƙa, ba su tarar da komai ba sai jar ƙasa. Tun ranar masu shaguna ke kira na Baban Rijiya.

Ranar sha biyar ga wata za a zuba harsashi. Ki rubuto mini duk abin da kike iya tunawa, a tsare, ban da kewaye-kewaye.

Yayanki.

Zuwa ga ƙanwata Auta,

Gaisuwa da fatan alheri gare ku baki ɗaya. Wasiƙarki ta iso.

Kin ce a lokacin ƙofar gidanmu gabas take kallo, kuma Baba ya mayar da ita kudu ne shekarar da aka yanka titi, ina makarantar kwana. Kwana biyu ina jin haushinki. A na uku na kankare filastar bangon gabas, sai ga alamar tsohuwar ƙofa, har da ramin sakata.

Na sake awo daga nan. Injiniya ya ƙi ba ni ko lebura ɗaya, saboda haka na ari sandar rodi na kafa da hannuna, a daidai kusurwar inda za a gina aji ɗaya. Bugu uku, ƙasa ta haɗiye ta gaba ɗaya, muka ji ƙararta can cikin ruwa. Masu shagunan da suka taru don dariya suka matso suna leƙe. Da aka buɗe, ga ruɓaɓɓen itace, ga zurfin mita goma sha ɗaya.

An dakatar da aiki. Za a cike rijiyar da duwatsu, an kuma matsar da azuzuwan zuwa arewa. Injiniya ya zo har gida, ya cire hularsa ta kwano, ya roƙe ni in sa ta a taswira da hannuna. Na sa, na kuma gyara masa kurakurai biyu da na gani.

Sauran magana ɗaya, wadda a shekara saba'in da uku ban taɓa rubuta wa kowa ba: ke ce kika yi daidai, ni na kuskure. Kada ki karanta wa maigidanki wannan layin.

Ki huta lafiya.

Yayanki,
Baban Rijiya.