Na saka wa taubashina bankin waya mai kuɗin ruwa, na ce masa gyara ce

Assalamu alaikum Adimin, da ku jama'ar wannan shafi, masu hankalinku da waɗanda ake wa addu'a. Adimin ka ɓoye sunana, ka ɓoye lambata, in ka bari suka fita Allah ya isa tun yanzu. Ku kuma masu jiran a kawo labari ku dira a kai da zagi, na san ku, kullum ina karanta ku. Yaro bai iya wanke wandonsa ba amma ya iya ce wa sa'an kakansa jahili. To ku sassauta mini. Ba yabo na zo nema ba, na san abin da na aikata. Shawara nake so, wanda ba shi da ita ya ƙara gaba.

Ni tsoho ne, dillalin awaki da tumaki a ƙasar Gumel, ba zan faɗi unguwa ba. Duk Alhamis ina kara, kasuwar dabbobi, a Maigatari. Boko aji uku na yi aka kore ni, don na ɗaure ɗan akuya a ƙafar kujerar malami. Saboda haka in kun ga rubutu ya karkace ku yi haƙuri, da yatsa ɗaya nake dannawa, shi ma yatsan ba lafiyayye ba ne.

Tun lokacin da takardar kuɗi ta yi wuya aka tura mu bankin waya dole, ni na zama gwani a unguwarmu. Ba don ilimi ba, don wahala. Babu wanda ban saka a wayata ba. Akwai wanda in ka tura kuɗi sai ya gutsiri nasa, ka karɓa ya gutsira, ko kallonsa ka yi ina jin sai ya gutsira. Akwai wanda lafiyarsa ƙalau duk mako, sai ranar kasuwa ya kwanta ciwo, kana tsaye a tsakiyar kara mai rago ya riƙe maka wuyan riga, kai kana ɗaga waya sama kamar mai roƙon ruwa, sabis ya tsallake iyaka ya tafi Nijar ya bar ka. Akwai mai ba da bashi cikin ƙiftawar ido, akwai mai ƙara maka ɗan wani abu kullum safiya a kan ajiyarka, akwai kuma wanda aka yi don masu gudun kuɗin ruwa, ba ya ƙara maka ba ya rage maka. Ni abin da nake nema ɗaya ne, alat ya shigo kafin a yaga mini riga. Kowa ya zo wurina tambayarsa nake, kai me ka fi so? Sauri, ko rashin caji, ko ajiya? In zaɓa masa daidai shi. Wallahi ban taɓa cutar kowa a wannan ba sai mutum ɗaya.

Bari in kira shi Malam Sabo, ba sunansa ba ne. Ɗan kawuna ne, taubashina. Tare muka tashi, tare muka saci gyaɗa, har muka yi furfura kowa cewa yake ɗayan ne bawansa. Ya taɓa zuba mini barkono a cikin buta, ni na taɓa sayar masa da tunkiyarsa da ta ɓata, ya biya kuɗi ya ja ta gida matarsa ta gane ta. Wasan taubasai ne, ba mai fushi. Sai ya yi karatu ya zama na'ibin limamin masallacinmu, ya fara tafiya yana kallon ƙasa kamar wanda ya yar da allura.

Wata shekara gab da babbar Sallah na ci bashi a ɗaya daga cikin bankunan nan na sari raguna. Eh, da kuɗin ruwa a kai. Na sani, ba sai kun faɗa mini ba. Ban san wane munafuki ne ya kai masa ba. Sai ga shi a karatun bayan Magariba yana cewa, “Akwai wani dattijo a cikinmu, ba zan kama suna ba, mai jar hula, mai warin bunsuru, ya je ya yi wanka a cikin riba.” Jar hula ɗaya ce a masallacin nan, kuma a kaina take. Sahu biyu suka juyo suna kallona. Wannan ma na shanye, na ce wasa ne ya sa masa rawani. Amma ranar Sallah na aika masa cinyar ragon layyata kamar yadda nake yi duk shekara, ya dawo mini da ita a cikin tiren da na aika ta, ko buɗewa bai yi ba, da saƙon wai gidansa ba a cin abin da ake shakka. A gaban matata, a gaban maƙwabta. Ku gaya mini, a wane littafi aka ce a tozarta ɗan'uwa haka? Ba zai iya jana gefe ba? Har yau bai ce in yafe masa ba, ni ma ban ce na yafe ba.

Bayan an sha kaka ya sayar da riɗinsa da zoɓorodonsa na gonar wajen Gagarawa, ya samu abin kirki, ya ƙudura niyyar Makka. Yana tsoron ajiye kuɗi a ɗaki, yana tsoron yaran zamani su taɓa masa waya, Turanci kuwa ko harafi bai sani ba, shi dai Larabci da ajami. To wa zai nufa? Sai ga shi a ƙofar gidana da sabuwar waya a cikin leda.

“Kai bawa, fito ka yi wa ubangidanka aiki,” in ji shi, kamar ba abin da ya taɓa faruwa.

Na ce, “Allah gafarta Malam, me za a yi da mai warin bunsuru?”

Ya ce, “Warin ne ya sa na gane gidan. Bankin waya za ka zaɓa mini. Ban damu da sauri ba, ban damu da caji ba, su cire abin da za su cire. Sharaɗina ɗaya, kada ƙwayar riba ta taɓa mini kuɗi. Guzurin ɗakin Allah ne.”

Jama'a, na san wanda ya dace da shi. Yana cikin wayata a lokacin, da yatsa zan nuna masa a gama. Amma na dubi gemun nan nasa, na tuna tiren nan, sai haushin ya dawo mini sabo fil. Na saka masa mai ƙari kullum safiya. Don bankin ya ɗauki fuskarsa, na sa shi ya kalli waya ya ƙifta ido, ya juya kai hagu da dama, ya buɗe baki kamar ɗan tsako, ina ta danne dariya. Na zuba kuɗin a ɓangaren ajiya, na kunna ɗan makunnin da ke sa su haihu. Ni ma ba Turancin na iya ba, amma kalmar nan da ke nufin kuɗin ruwa na san kamanninta sarai, ta sha hana ni barci. Niyyata ya kwana biyu yana ci, in tara majalisa in ce, to Malam, ya ɗanɗanon abin?

Washegari ya zo da sassafe a firgice. “Kai, kuɗin nan sun ƙaru. Mene ne wannan?”

Nan ne ya kamata in fashe da dariya a wuce wurin. Sai na ji bakina yana cewa, “Haba Malam, gyara ce. In ka sayi tumatir ba a yi maka gyara? In ka auni gero mai awo ba ya ƙara maka ɗan tafi? Abin da 'yan'uwanmu na Damagaram ke ce wa kado. Kamfani ne ke jin daɗin ka zama nasu.”

Ya shafa gemu. Ya ce, “Ba sharaɗi aka yi ba? Su suka ga dama?”

Na ce, “Ka ji na yi sharaɗi da wani?”

Ya ce, “To kyauta halal ce.” Ya tafi yana murmushi.

Na ce bari in bar shi mako guda abin ya nuna. Mako ya zama wata. Kullum na yi niyyar fasa ƙwan sai in ga ai gobe zai fi daɗi. Kuma kada in yi muku ƙarya, daɗi nake ji. In ya tashi yana ragargazar masu cin riba, ni ina sahun baya ina cewa a raina, ci gaba Malam, taka tana can tana haihuwa a aljihun jallabiya. Wane irin tsoho ne ke jin daɗin wannan a cikin masallaci? Ga shi nan yana rubuto muku.

Matata ce ta fara ganewa, don ta ga ina dariya ni kaɗai ina cin tuwo. Da na gaya mata ta ajiye ludayi ta ce, “Maigida, barkono a buta wanke shi ake yi. Wannan da me za ka wanke? Mutum zai je gaban Ka'aba da abin da ka cusa masa?” Na ce ta yi mini shiru, ita ba a mayar mata da nama ba. Ta ce, “A hannuna aka dire tiren.” Tun ranar tuwon ya daina yi mini daɗi.

Na yi ƙoƙarin gyarawa a ɓoye, kada ku ce ban yi ba. Na ce masa ya kawo wayar in duba masa wani abu, na lallaɓa na kashe makunnin. Kwana ɗaya tak, sai ga shi ko karyawa bai yi ba, yana buga mini ƙofa da sanda.

“Kai ɓarawon tunkiya, me ka taɓa mini? Yau ba su yi mini gyarata ba!”

Na ce, “Wataƙila sun gaji ne, Malam. Kyauta ai ba dole ba ce.”

Ya ce, “Ƙarya kake, hannunka ne. Hassada ce ke cinka don kai ba a yi maka. Mayar mini yadda take.”

Mutumin da ya kira ni mai wanka a riba, shi ne tsaye a zaurena yana rigima a dawo masa da ita. Da a ce da ne, da na yi birgima a ƙasa don dariya. Amma ban iya ba. Na karɓi wayar, da wannan yatsan nawa na sake kunna masa, karo na biyu, ina sane. Na farko in ce fushi ne. Na biyun fa, me zan kira shi in ba tsoro ba?

Yanzu ga inda abin ya kai. Malam Sabo bai iya samun alheri ya yi shiru ba. Ya shiga gaya wa mutane a karatu cewa Allah ya haɗa shi da banki mai tsarki, ba riba sai gyara. Har suna aka sa masa a unguwa, bankin Malam. Tsofaffi suna tare ni a hanya in saka musu, ina ce musu sabis ba kyau. Wani ya taso tun daga Sule Tankarkar a kan babur don wannan, na ɓuya a bayan gida har ya gaji ya tafi. Jiya bayan La'asar Malam ya riƙe hannuna a ƙofar masallaci ya ce kwamiti ya amince a zuba kuɗin rufin masallaci a ciki, kuma ranar Juma'ar nan bayan an sauko ni zan tashi gaban jama'a in yi bayani, tunda ni na kawo alherin. Mako mai zuwa kuma zai cire nasa ya biya kuɗin kujera. Har ya ce, “Duk iskancinka sai na ambaci sunanka a Arfa, bawa.” Na ce amin.

Kuma akwai malaman firamare a masallacin nan. Malam Sabo ba ya ba su wayarsa, amma ranar Juma'a kowa zai miƙo tasa. Ɗaya daga cikinsu na duba fuskar wayar zai karanta kalmar nan da ƙarfi, a gaban liman, a gaban waɗanda Malam ya sha yi wa wa'azi. Daga ranar ba zai ƙara iya buɗe baki a kan riba a garin nan ba, yara ma sai sun riƙa bin sa suna tambayarsa gyara. Na'ibancin ma ban ce zai tsira ba. Na so a yi masa dariya, ban musa ba, amma dariyar majalisa nake nufi, ta mutum biyar a kan tabarma, ba wadda za ta kashe shi da ransa ba.

In na je na same shi shi kaɗai, na san Sabo. Ba zai ce wasan taubasai ba ne. Zai ce na sa ƙazanta a guzurin hajjinsa da gangan, kuma gaskiya ya faɗa. Zai iya fasa tafiyar bana gaba ɗaya, ga shi da ciwon suga, ban san ko zai ga baɗi ba. Zumuncin iyayenmu kuma ya ƙare a hannuna. In na yi shiru na tashi ranar Juma'a, na ja masallaci guda na zuba a abin da ni kaina na san mene ne. In na gudu Maigatari na ƙi dawowa, zai tashi ya yi bayanin da kansa, wannan ya fi kowanne muni. Kuma har yanzu da nake rubutun nan ina jin haushinsa, ban ɓoye muku ba, wani ɓangare na zuciyata cewa yake bar shi ya sha.

Malaman da ke shafin nan, ku fara amsa mini wannan: in aka ware ƙarin aka fitar, sauran kuɗin sun isa su kai shi Makka da tsarkinsu, ko na ɓata su duka? In akwai mafita, ina so in shiga zaurensa da ita a hannu kafin in buɗe baki. Masu zagi kuma ku jira Asabar, zan ba ku fili. Yau Laraba, gobe ina kara, jibi za a miƙo mini lasifika. Ta ina zan fara gaya wa mutumin nan, kuma da wane baki? Don Allah, me zan yi?