Jan Layi a Ƙugu

Zuwa ga uwargida Saratu, a Iferwan.

Gaisuwa mai yawa. Ina fata kina lafiya, ke da yara da Inna. Yaya rijiyar garka, ta ƙara ja baya?

Ciwon bayan nan ya kai ni kilinik a unguwar Dagmanet. Sun ɗauki radiyo, hoton ƙashi. Yanzu ba likita ke fara dubawa ba, ordinateur ne, wato kwamfuta. An koya masa siffar ƙashin baya, sai ya bi gefensa yana zana koren layi. Na ga nawa ya sauko daga wuya sumul, da ya iso ƙugu ya yi ja, ya karkace, ya tsinke.

Likita Binta ta ce in dawo jibi.

Saratu, ni da na fara da dakon albasa har na mallaki kamiyo uku, manyan motocin kaya, ban taɓa jin tsoron hamadar Tenere ba. Yau jan layi ya tsorata ni. In aikin tiyata ne, sai Yamai, ga magani ya yi wuya tun da sojoji suka hau mulki aka rufe iyaka. In na zauna, wa zai riƙe ku cikin farin nan? Kada Inna ta ji.

Mijinki,
Chaibou

Zuwa ga Saratu.

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarku, na koma kilinik.

Likita ta tambaya ko na tuɓe komai ranar da aka ɗauki radiyon. Riga na tuɓe. Gurun da Inna ta ɗaura mani a ƙugu, mai zoben ƙarfe, yana ƙarƙashin wando; wa ke ƙirga guru cikin tufafi? Ashe ordinateur ya ɗauki ƙarfen gefen ƙashi ne, ya bi shi ya ɓata. Na yi dariya har da hawaye, na kwance, aka sake ɗauka.

Layin ya fito kore har ƙasa. Amma daidai inda gurun ya rufe, ya zagaye ƙashi ɗaya da ya lotse. Wannan karon ba kuskure ba ne. Likita ta ce kada in sake hawa kamiyo, kuma Yamai dole.

Gurun na aljihuna, na kasa mayar da shi, na kasa yar da shi.

Ki biyo motar direba Tanko ki zo. Sandar Baba da na ce a jefar, in tana nan, ki taho da ita.

Ki gaida Inna.

Mijinki,
Chaibou